Takalmin da Ya Ɗan Yi Yawa: Darasi daga Ƙauyukan Hausawan Jazira

 

Ya ku iyaye maza da mata, babu gidan da bai san al'amarin da za mu tattauna a wannan fitowa ba. Uba yakan sayo wa yaro takalmin salla da ɗan rara domin ya kai shi baɗi. Ƙane yakan gaji na wansa tun ƙafarsa ba ta cika shi ba. Uwa takan samo mai kyau a wurin masu gwanjo, wato bosho, sai an zo gida a tarar ya ɗan yi yawa. Daga nan sai a ga yaro yana jan ƙafa, takalmi yana saɓulewa, bayan mako biyu kuma ya jefa shi ƙarƙashin gado ya koma yawo ƙafa ba komai. Kuɗi sun tafi, ƙafa kuma ba ta tsira ba.

Mun zaɓi mu ɗauko misalinmu daga ƴan uwanmu Hausawan Sudan mazauna Jazira da gaɓar Shuɗin Nilu, domin a can ne aka fi ganin abin da wannan ɗan sakaci yake jawowa, kuma abin da ya shafe su ya shafe mu.

Ƴan uwanmu na gabas

Hausawa sun daɗe suna ratsa Sudan a kan hanyar Makka, da ƙafa ko bisa jakuna, tafiyar da takan ɗauki shekaru. Wasu sukan tsaya su yi noma ko sana'a domin neman guzuri, da yawa kuma zama ya kama su a can. Bayan yaƙin Burmi na shekarar 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya yi shahada, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da hijira da jama'a mai yawa, har suka sauka a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar. Garin da suka kafa har yau sunansa Mai Wurno.

A 1925 aka gama madatsar ruwa ta Sinnar, aka buɗe babban aikin noman rani na Jazira, wato ƙasar da ke tsakanin Farin Nilu da Shuɗin Nilu kudu da Khartum. Da aka ƙara masa yankin Manaƙil, faɗinsa ya wuce hekta 800,000. Auduga ce ginshiƙinsa na farko, tare da dawa da gyaɗa da alkama. Aikin yana buƙatar hannuwa, Hausawa kuwa manoma ne tun daga gida, saboda haka suka bazu cikin ƙauyuka da sansanonin ƴan ƙwadago da ake kira kanabi, daga kewayen Wad Madani har zuwa Sinja da Damazin da Rusairis. Akasarinsu rayuwarsu a kan ƙafa take: gona, bakin kogi, kasuwa, masallaci, makarantar allo.

Ƙasar da ke tuɓe wa mutum takalmi

Ƙasar Jazira baƙar laka ce mai danƙo. Da rani takan bushe ta yi tauri ta tsattsage, har ƙafar yaro ta iya faɗawa cikin tsagar. Da damina kuwa, ko lokacin da aka sako ruwa cikin gona, sai ta kumbura ta zama taɓo mai riƙe duk abin da ya taka ta. Mai takalmi sako-sako yakan ɗaga ƙafa ya bar takalmin a baya. In abin ya faru sau biyu sau uku, sai ya gaji ya riƙe shi a hannu, ya ƙarasa tafiyar da tafin ƙafarsa.

A nan haɗarin yake. Ƙasar cike take da itatuwa masu ƙaya irin waɗanda muka sani a gida: bagaruwa, wadda suke kira sunut, da aduwa, wadda suke kira hijlij. Da rassan ƙaya ake shingen gida da garken dabbobi, saboda haka ƙayar tana warwatse a inda yara ke wasa.

Akwai wata cuta da likitoci ke kira maisitoma, ana kuma ce mata madura, da sunan wani gari na Indiya inda aka fara bayyana ta a ƙarni na 19. Ƙwayar cutar tana zaune cikin ƙasa, a Sudan kuma mafi yawanta dangin funfuna ce. Takan shiga jiki ta hujin ƙaya ko sartse ko wani ɗan rauni, galibi a ƙafa. Da farko ɗan kumburi ne marar zafi, shi ya sa ake raina shi. A hankali, cikin watanni ko shekaru, sai ya girma, ya huhhuje, yana fitar da ruwa da wasu ƴan ƙwayoyi kamar tsaba, sau da yawa baƙaƙe. In aka bar shi ya kai ga ƙashi, ƙarshensa yakan zama yanke ƙafa. Manoma da makiyaya matasa ta fi kamawa, wato waɗanda gida ya dogara da ƙarfinsu.

Jihohin Jazira da Sinnar da Farin Nilu suna cikin wuraren da cutar ta fi yawa a duniya. Saboda haka aka kafa cibiyar bincikenta a Jami'ar Khartum a 1991 a ƙarƙashin Farfesa Ahmad Hasan Fahal, a 2016 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya ta cikin jerin cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi wa riƙon sakainar kashi. Kada mai karatu ya ɗauka abin na nesa ne: ana samun ta a faɗin Sahel, har da Nijar da Cadi da Mali da Senegal. Maganinta yana ɗaukar watanni masu yawa, yana da tsada, ba kullum yake ci ba. Babbar shawarar da likitoci ke bayarwa ta rigakafi ita ce a riƙa sa takalmi, a kuma wanke duk raunin ƙaya da wuri. To amma takalmin da ke kare ƙafa shi ne wanda yake zaune a ƙafar. Wanda ke saɓulewa, ko ba jima ko ba daɗe, a gida za a bar shi.

A fara gano inda yawan yake

Kuskuren da aka fi yi shi ne a cusa tsumma a bakin takalmi ba tare da an duba ba. Yawan takalmi iri uku ne, kowane da gyaransa: ko ya yi tsawo, ko ya yi zurfi da faɗi har ƙafa tana iyo a ciki, ko kuma bayansa ne ya buɗe, dunduniya tana fita a kowane taku.

Ga yadda za a gane. A sa mai takalmin ya tsaya tsaye bisa kwali, da yamma, domin ƙafa takan ɗan kumbura bayan zirga-zirgar yini. A zana kewayen ƙafafun biyu, domin da wuya su zo daidai da juna, a yi aiki da babbar. A yanke zanen a zura shi cikin takalmin. Abin da ake so shi ne a sami rarar kimanin santimita 1 zuwa 1 da rabi a gaban yatsan da ya fi tsawo, wato misalin faɗin babban yatsan hannu. Wannan rara haƙƙin yatsu ce, kada a cike ta. Abin da ya wuce ta shi ne yawa. Sannan a sa takalmin, a tura ƙafa gaba, a zura yatsa ɗaya a bayan dunduniya. In ya shiga daidai, lafiya. In biyu suka shiga a sake, tsawo ya yi yawa.

Yana da kyau a san ma'anar lambobin da ke ƙarƙashin takalma, irin su 34 da 38 da 42. Awon Faransa ne, kuma tsakanin lamba da mai bi mata akwai kashi 2 cikin 3 na santimita, wato lamba 3 ne ke yin santimita 2. Rabin lamba ko lamba ɗaya ana iya gyara ta a gida. Lamba biyu ta wuce gyara.

Gyare-gyaren da ke aiki

Na farko, shimfiɗar ciki. In takalmi ya yi zurfi, a yanko shimfiɗa daidai da cikinsa, daga fata mai laushi ko siririn soson tsohuwar silifa da aka wanke. Tana ɗaga ƙafa ta haɗu da saman takalmin, sai motsin ya ragu. A yi wa ƙafafun biyu, ko da ɗaya ce ke damuwa, domin kada tafiya ta karkace. Wadda ta fi ƙanƙanta sai a ƙara mata wata siririya. A manna ta da ɗan gam don kada ta naɗe. Kwali yana fitar da mutum kunya na kwana biyu, amma gumi yana jiƙa shi ya dunƙule.

Na biyu, majingin dunduniya. In baya ne ke saɓulewa, a yanko fata mai tsawon yatsa da faɗin yatsu biyu, a fere gefunanta su yi siriri, a manna ta a cikin bayan takalmin daga sama, ɓangarenta mai kaushi yana fuskantar dunduniya. Kaushin ne ke riƙe safa ko fata. In baduku ya bi ta da ɗinki biyu ko uku, ta fi daɗewa, sai dai a tabbata ƙullin zaren yana waje.

Na uku, matashin harshe. Wannan dabara mutane ƙalilan suka san ta, alhali sau da yawa ta fi sauran. A manna ɗan soso ko ƙyalle mai kauri a ƙarƙashin harshen takalmi, inda yake kwanciya bisa bayan ƙafa. Yana tura ƙafar baya ta zauna a mazauninta, yatsu kuma su sami sarari.

Na huɗu, cika baki. In tsawo ne ya ɗan yi yawa, a naɗe auduga cikin ƙyalle mai tsabta a tura ta can ƙurya. Kada ta taɓa yatsu idan mutum yana tsaye. A riƙa fitar da ita ana shanyawa, a canja ta idan ta dunƙule. Muna jan hankali ƙwarai a kan takarda: kada a cusa jarida ko shafin littafi a cikin takalmi. A Sudan rubutu da Larabci ake yi, da wuya shafi ya rasa sunan Allah, ko a cikin basmala ko a sunan wani Abdullahi ko Abdurrahman. Haka mu ma takardun ajami da na makarantun Islamiyya suna yawo a gidajenmu. Bai dace Musulmi ya taka irin wannan ba.

Na biyar, ɗaurin igiya. Takalmin makaranta mai igiya, irin kambas, yawanci ba ya bukatar komai sai ɗauri na ƙwarai. Idan an zo ramuka biyu na ƙarshe, kada a gitta igiyar. A zura kowane baki a ramin sama na ɓangarensa, ya bar ɗan kunne a gefe. Sannan a gitta, bakin dama ya shiga kunnen hagu, na hagu ya shiga na dama, a ja a ɗaure. Wannan ɗauri yana kame wuyan takalmin ba tare da ya matse yatsu ba. A koya wa yaro ya kwance igiya kafin ya cire, domin tura ƙafa da ƙarfi cikin ɗaurarren takalmi shi ke buɗa bayansa.

Na shida, maɗauri. Sandal mai ɗamara a ƙara mata huji ɗaya da basilla ko ƙusa da aka gasa a wuta. Takalmin ƴan mata marar igiya a ɗinka masa roba mai faɗi ta gitta bayan ƙafa. Silifar ƙananan yara kuwa, wadda mutanen Sudan ke kira safinja, a ɗaura mata siririyar roba daga wannan kunne zuwa wancan ta zagaya bayan dunduniya. Tsohon tiyub na keke ya isa. Sai dai a sani silifa ƙaya tana huda ta, ta tsakar gida ce da wurin alwala, ba ta gona ba.

Markub da takalmin ruwa

Takalmin gargajiya na mazan Sudan shi ne markub, sawu-ciki na fata wanda dukawa ke ɗinkawa da hannu, kuma na Fashir da na Junaina sun yi suna. Jimarsa ba baƙuwa ba ce gare mu, domin da ƴaƴan bagaruwa ake yin ta, waɗanda suke kira garad, kamar yadda majemanmu ke yi a Kano da Damagaram da Sakkwato. Itacen da ƙayarsa ke raunata ƙafa, shi ne kuma ƴaƴansa ke gyara fatar da za ta kare ta. Tsarki ya tabbata ga Wanda ya haɗa cuta da magani a reshe ɗaya.

Halin fata shi ne buɗewa. Saboda haka duk takalmin fata marar igiya, a saye shi yana ɗan kama ƙafa, muddin yatsu ba su takure ba, domin cikin makonni zai saki. Wanda ya riga ya buɗe, a ɗan yayyafa masa ruwa a inda ya saki, a bar shi ya bushe a inuwa, zai ɗan tsuke. Kada a kai shi bakin murhu ko a shanya shi a tsakar rana, fatar za ta ƙeƙashe ta tsage. Idan ya bushe a shafa masa mai kaɗan. In wannan bai isa ba, baduku yana iya farke ɗinkin baya ya tsuke shi, aikin da bai kai kuɗin sabo ko kusa ba.

Akwai wata ɗabi'a da ke kashe takalma a gidajen Musulmi, daga Mai Wurno har Maraɗi, wato take bayan takalmi. Mutum zai fita masallaci sau biyar a yini, yana gaggawar samun sahu, sai ya murƙushe bayan da dunduniya ya mai da shi silifa. Bayan da aka karya ba ya sake tsayawa, kuma shi ne mai riƙe ƙafa. Gara a ware silifa ta alwala da masallaci, a bar rufaffen takalmi ga tafiya da aiki.

Masu ban ruwa da masunta da ke sa dogon takalmin roba su sani ba ya tsukewa kuma ba ya ɗinkuwa. Gyaransa shimfiɗa mai kauri da safa biyu. A kife shi ya tsane bayan aiki, a kuma kakkaɓe kowane rufaffen takalmi kafin a sa, domin kunama tana son duhu da laima.

Inda gyara ya ƙare

Yaro ƙafarsa girma take yi. A duba takalminsa duk bayan wata 3 ko 4, a rage cikon da aka yi masa tun bai fara matse shi ba. Yaro ba kullum yake faɗa ba, amma ja a dunduniya, ko bororo, ko yatsun da suka saba ƙanƙamewa don riƙe takalmi, duk suna magana a madadinsa.

Tsofaffi su ne na biyu. Takalmi sako-sako yana sa jan ƙafa, jan ƙafa yana kawo tuntuɓe, karayar ƙugu ga dattijo kuwa takan kwantar da shi kwanciyar da ba ya tashi. A nema wa Baba da Inna mai maɗauri a baya, mai shimfiɗaɗɗen ƙasa marar santsi.

Na uku, kuma mafi muhimmanci, masu ciwon suga. Ciwon yana kashe jin ƙafa a hankali, har takalmi ya goge fata mutum bai sani ba, ƙaramin rauni ya zama gyambon da ba ya warkewa. Mai wannan ciwo kada a cusa masa auduga ko tsumma ko wani abu mai tudu. Shimfiɗa mai laushi marar gaɓa kaɗai ta halatta gare shi, in ba ta isa ba a sake takalmi. Ya shafa cikin takalminsa da hannu kafin ya sa, ya duba ƙafafunsa kullum, ya tsane tsakanin yatsu bayan alwala. Duk raunin da ya gani, ya nufi likita a ranar. Haka kuma duk wanda ya ga kumburi marar zafi a ƙafa wanda ya ƙi bajewa, kada ya jira ya fashe, kada kuma a tsaga shi a gida.

Takalmi da sadaka

A shekarun nan ƴan uwanmu na can sun ga jarrabawa. Rikicin jihar Shuɗin Nilu na 2022 ya raba dubban Hausawa da gidajensu. Yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya kai Wad Madani a Disambar wannan shekara, ya kai Sinja a tsakiyar 2024, ya kuma tsayar da aikin cibiyar maisitoma a Khartum. Mutane da yawa sun fita da ƙafa, da abin da ke jikinsu kawai. Wanda ya yi tafiyar kwanaki da yara a cikin ƙaya da taɓo ya san darajar takalmin da ke zama a ƙafa, kuma wanda ya rasa komai, abin da aka miƙo masa shi zai sa, ko ya yi masa daidai ko bai yi ba.

Don haka muke kira ga duk mai ba da sadakar takalma, ga ƴan gudun hijira ko almajirai ko marayun unguwa, ya cika alherinsa. Ya wanke su, ya gyara abin da ya tsinke, ya ɗaure kowane ƙafa biyu wuri ɗaya, ya rubuta lambar a fili, ya sa igiya sabuwa. In da hali ya haɗa da safa. Mai rabawa kuma ya gwada wa yaro a ƙafa kafin ya sallame shi.

Addininmu bai raina wannan babi ba. Imam Muslim ya ruwaito daga Jabir cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya kwaɗaitar da sahabbai yawaita sa takalmi, ya kamanta mai takalmi da wanda yake bisa abin hawa. Abin sha'awa, kalmar markub ma'anarta ke nan a Larabci: abin da ake hawa. An kuma ruwaito hani ga tafiya da takalmi ƙafa ɗaya idan maɗaurin ɗayan ya tsinke, har sai an gyara shi. Uwar Muminai A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, ta ba da labarin cewa a cikin gidansa shi da kansa yake ɗinke takalminsa. In shugaban halitta bai ga ƙasƙanci a wannan aiki ba, babu maigidan da ya fi ƙarfin ya zauna da basilla da guntun fata domin ƙafar ɗansa.

Muna roƙon kowane gida ya ware yammaci ɗaya a wannan mako, a fito da takalman yara da na tsofaffi a gwada su ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya ɗan yi yawa a gyara shi a inda yawan yake. Wanda ya yi yawa ƙwarai a ajiye shi sai baɗi, ko a ba wanda zai yi wa daidai. Rigakafi, in ji Hausawa, ya fi magani.

Allah ya kawo wa mutanen Sudan zaman lafiya mai ɗorewa, ya mai da waɗanda suka watse gidajensu, ya ba marasa lafiya sauƙi, ya tabbatar da dugaduganmu bisa tafarki madaidaici. Amin.